Mitfai da tat a gida: yadda za ku yi ke da ƙawarki, daga kwaɓi har gashi

Aikin mitfai ya fi kyau da mutum biyu, kuma ba don hira kaɗai ba. Akwai ɓangaren wuta, inda ake soya nama da albasa, akwai kuma ɓangaren kwaɓi, wanda babu abin da yake ɓata shi kamar zafi. Idan mace ɗaya ce take kai-komo tsakanin murhu da fulawa, hannunta zai yi ɗumi, ya kuma kwashi warin albasa ya kai cikin kwaɓin. Idan kuwa ku biyu ne, sai ɗaya ta riƙe wuta, ɗaya ta riƙe kwaɓi, kowacce ta tsaya a nata har lokacin naɗi. Da awon da zan bayar, za ku fitar da mitfai 12 zuwa 14, da ƙananan tat 12, wato ɗan ƙoƙon ɓawo mai zaƙi da ake cikawa da kastad ko kwakwa ko dabino.

Daga Turawan Ingila mitfai ya zo mana. Siffarsa ta rabin wata irin ta abincin da masu haƙar ma'adinai a yankin Konwal na ƙasar Ingila suke shiga rami da shi ce. Su ɗanyen nama da ɗanyen dankali suke naɗewa su gasa gaba ɗaya. Mu kuwa sai mun dafa haɗin, mun sa masa attarugu da kori, sannan mu naɗe. Wannan bambancin shi ya sa a namu dole a jira haɗi ya huce, kuma a kansa za ku tsara aikin ranar.

Abin da za ku shirya tun jiya

Ku fara da maganar kuɗi. Ku yi lissafin cefane, kowacce ta san nawa za ta kawo da nawa za ta tafi da shi, a gama maganar kafin a kunna wuta. Sannan ku zaɓi gidan da ya fi sarari da sanyi, ko da kuwa oben ɗin ɗaya gidan ya fi kyau, domin ana iya gashi a tukunya, amma ba a iya murza kwaɓi a ɗakin da yake turiri.

Lokaci ma abin dubawa ne. Bota tana narkewa a zafin digiri 32 zuwa 35, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin watan Afrilu yakan haura 40 da rana. A bazara ku fara da sassafe, ku gama kwaɓi da murji kafin hantsi ya dubi ludayi. Da hunturu kuwa duk lokacin da kuka ga dama, sai dai ku riƙa rufe kwaɓin don iska tana busar da shi ya tsattsage.

Na kwaɓi za ku nemi fulawa giram 750, kusan kofin awo 6 ke nan, da bota giram 375, wato leda ɗaya da rabi ta mai giram 250. Sai ƙwai 6 na dukkan aikin, gishiri, bekin fauda, da sukari mai laushi irin na ado, ko ku niƙa na gida a bilenda ya zama gari. Na haɗi kuma niƙaƙƙen naman sa giram 300, dankalin turawa matsakaita 2, karas babba 1, albasa 1, attarugu gwargwadon son yajinku, tafarnuwa, citta, kori, tayim da dunƙule. Wajen mai nama ki ce ya bar ɗan kitse kaɗan, tsoka zalla tana bushewa a gashi.

Botar da ake sayarwa don gashi, mai tauri, ita ta fi jure zafin ƙasarmu. Mai laushin nan ta roba da ake shafa wa burodi ruwa ya yi mata yawa, ɓawonta ba ya yin garas-garas. Ta madarar shanu zalla ta fi kowacce ƙamshi, amma ita ta fi saurin narkewa, sai mai firij ko ƙanƙara. Ko wacce kuka samu, ta kwana a wuri mai sanyi, haka ma ruwan kwaɓi.

Mai wuta ce za ta fara

Ki yanka dankali da karas ƙanana-ƙanana, kada su wuce rabin santimita, don manya suna huda kwaɓi wajen ninkewa. Ki zuba mai cokali 2 a tukunya, ki soya albasa har ta yi laushi, ki sa jajjagen attarugu da tafarnuwa da citta, sannan nama. Ki riƙa farfasa shi da ludayi kada ya dunƙule, har jan ya ɓace gaba ɗaya. Ki zuba kori, tayim, dunƙule da gishiri, sai dankali da karas da ruwa kofi ɗaya, ki rufe ki rage wuta na minti 10 zuwa 12. Dankalin ya dahu amma kada ya dagargaje.

Ga matakin da mutane da yawa suke tsallakewa. Ki dama fulawa cokali ɗaya da rabi da ruwan sanyi kaɗan, ki zuba kina juyawa, ki bar shi minti 2. Ruwan zai yi kauri ya riƙe naman. Haɗin da aka bari tsululu yana jiƙa ƙasan mitfai, wanda aka ƙafar da shi ƙayau kuma ba ya wucewa a maƙogwaro sai da ruwa. Abin da ake nema shi ne ki ja ludayi a tsakiyar tukunya hanyar ta daɗe kafin ta rufe. Ki ɗanɗana, gishirin ya ɗan fito fiye da yadda kike so a miya, domin ɓawo zai rage masa ƙarfi.

Ki juye a faffaɗan tire, ki baza, ki ajiye a gaban fanka ko inda iska take. Kada ki rufe. Sai ya huce sarai, yadda idan kika sa bayan yatsa a tsakiyarsa ba za ki ji ko alamar ɗumi ba.

Kwaɓi: a nan aikin yake

Yayin da waccan take kan wuta, mai kwaɓi ta wanke hannu da ruwan sanyi ta goge. Ki tankaɗe fulawar duka a babbar roba, ki sa gishiri ƙaramin cokali 1. Ki yayyanka bota ki zuba, ki riƙa murje ta cikin fulawar da kan yatsu, kina ɗagawa sama kina sakewa. Tafin hannu ya fi yatsu zafi, ki nisanta shi da botar. Ki ci gaba har ya koma kamar dambu, da 'yan guntayen bota nan da can. Idan kika ga ya fara ƙyalli yana manne wa yatsu, botar ta fara narkewa ke nan, ki tsaya ki sa robar a firij minti 10, ko ki ɗora ta a kan wata robar mai ruwan ƙanƙara.

Yana da kyau ku san dalilin wannan duka, don wadda ta san dalili ba ta bukatar a riƙa tuna mata. A cikin fulawa akwai sinadarin da ake kira gulutin. Da zarar ruwa ya taɓa shi aka kuma cuɗa, sai ya yi danƙo. Danƙon nan shi ake nema a burodi da fanke, shi ya sa ake bugun su. A mitfai da tat kuwa shi ne yake sa ɓawo tauri. Murje bota yana lulluɓe garin da maiƙo ya hana ruwa isa ko'ina, guntayen da suka rage kuma sai a cikin wuta suke narkewa, su bar ƙananan gurabe da ke sa ɓawo rugurgujewa a baki. Saboda haka ruwa kaɗan, taɓi kaɗan, sanyi da yawa.

Yanzu ki raba garin kashi uku daidai. Kashi biyu na mitfai ne, ɗaya na tat. Murji ɗaya ya yi muku aiki biyu ke nan.

Ki fara da na tat, tun hannunki bai taɓa komai ba. Ki zuba masa garin sukari giram 50, kusan cokali 6, da gwaiduwar ƙwai 1 da ruwan sanyi cokali 1 zuwa 2. Farin ƙwan ki ajiye a kofi, yana da aiki a gaba. Ki gauraya da wuƙar tebur, sannan ki tattara da hannu ya zama curi ɗaya. Kada ki sa masa bekin fauda, don ba a son ƙoƙon ya kumbura.

Na mitfai ki sa masa bekin fauda ƙaramin cokali 1, ki gauraya, ki fasa ƙwai 1, sannan ki riƙa zuba ruwan sanyi cokali-cokali. Yawanci 4 zuwa 6 suna isa, amma fulawa ta bambanta, ta hunturu ta fi shan ruwa. Ki damƙi kaɗan a hannu: idan ya haɗe bai warware ba, ya isa. Ki tattara shi kawai, ban da cuɗa.

Kowane curi ki danne shi ya yi faɗi, ki naɗe a leda, ki sa a firij minti 30. Idan babu wuta, kula mai ƙanƙara ta wadatar, ko ki sa a kwano mai murfi ki ajiye a gindin randa ki lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Hutun nan yana sa botar ta sake daskarewa, ɗan danƙon da ya taso kuma ya saki. Kwaɓin da bai huta ba, kina murzawa yana komawa, a wuta kuma ya tsuke.

Ƙoƙon tat da gashinsa na farko

Tat za ku fara gasawa, saboda dalili biyu: haɗin nama bai gama hucewa ba, kuma oben ko tukunyar da aka gasa nama a ciki tana riƙe ƙamshin albasa, kastad kuwa yana ɗauka nan da nan.

Ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki murza kwaɓin daga tsakiya zuwa baki, kina juya shi bayan kowane murji, har kaurinsa ya zama milimita 3. In babu abin murji, kwalba mai santsi tana yi, idan ma aka cika ta da ruwan sanyi ta fi. Ki yanka da bakin kofi mai faɗin santimita 9, ki shimfiɗa a ramukan gwangwanin ƙananan kek da aka shafa wa bota. Ki saukar da shi a hankali ya zauna, kada ki ja shi, duk inda aka ja sai ya koma. Na tat yana da saurin tsagewa saboda sukari, kuma ba komai, ki liƙe da guntu ki danne. Ki huhhuda ƙasan da cokali mai yatsu, ki mayar wuri mai sanyi minti 15.

Ki sa 'yar takardar gashi a kowane ƙoƙo, ki cika da ɗanyen wake ko shinkafa don nauyinsu ya hana ƙasan tasowa. Ki gasa a digiri 180 minti 12, ki cire takarda da waken, ki shafa farin ƙwai sama-sama, ki mayar minti 5. Farin ƙwan yana toshe hudojin, ruwan kastad ba zai ratsa ba. Waken ba zai ƙara dahuwa ba, ki zuba shi a kwalba ki ajiye don gashi na gaba.

Abin cikawa

Shawarata ku zaɓi iri biyu, shida-shida.

Kastad ya fi bukatar kula. Ki kaɗa ƙwai 1 da gwaiduwa 1 da sukari cokali 2, a hankali don kada ya yi kumfa. Ki ɗumama madara mililita 150, kada ta tafasa, ki tsiyaya a kan ƙwan kina juyawa, ki ɗiga filebo, ki tace da rariya. Ki zuba a ƙoƙon bayan kin riga kin ɗora gwangwanin a oben, don ɗaukar sa a cike zubewa yake yi. Ki goga gyaɗar ƙamshi a kai. Wuta ta sauka zuwa 160, minti 15 zuwa 18. Ki fitar lokacin da gefe ya kama amma tsakiya tana ɗan rawa idan an girgiza, zai ƙarasa kamawa yana hucewa. Idan aka jira har tsakiyar ta tsaya cak, ƙwan ya wuce, zai yi huji-huji ya tsatso ruwa.

Na kwakwa ba shi da wuya: gogaggiyar kwakwa kofi 1, sukari cokali 3, narkakkiyar bota cokali 1, ƙwai 1. A gauraya, a cika, a gasa a 180 minti 15 har saman ya yi ja.

Na dabino shi na fi so, kuma shi ya fi dacewa da bakinmu. Busasshen dabinon nan da ake kawowa daga Nijar ya isa. Ki cire ƙwallo daga giram 150, ki wanke, ki duba cikinsa da kyau, ki jiƙa a madara mai zafi rabin kofi na minti 30, ko fiye in ya bushe sosai. Ki niƙa ko ki daka ya yi laushi, ki sa bota cokali 1 da ɗan garin kirfa. Ba ya bukatar sukari ko kaɗan, sai ma ɗigon lemon tsami da zai daidaita zaƙin. Ki cika ƙoƙon, ki barbaɗa dakakkiyar soyayyar gyaɗa ko riɗi, minti 10 a wuta ya gama. Da azumi wannan yana tafiya da kunun gyaɗa ko shayi wajen buɗa-baki.

Naɗin mitfai

A nan ne hannu huɗu suke haɗuwa. Kafin a fara, mai kwaɓi ta tambaya: "Ƙawata, taɓa ki ji, ya huce kuwa?" Idan da sauran ɗumi, ku jira. Haɗi mai ɗumi yana narkar da botar tun kafin a kai wuta, ƙasan mitfai ya yi laɓo-laɓo, bakin kuma ya ƙi kamawa.

Ki gutsuri rabin kwaɓin ki bar rabin a sanyi. Ki murza zuwa milimita 3 ko 4, ki yanka da murfin ƙaramar tukunya ko kwano mai faɗin santimita 13 zuwa 14. Ke kina murzawa kina yankawa, ita tana cikawa tana rufewa. Ta zuba haɗi cokali ɗaya da rabi a gefe guda, ta bar sarari kamar faɗin yatsa a baki. Son cikawa da yawa shi ne yake fasa mitfai. Ta shafa farin ƙwai ko ruwa a bakin, ta ninke, ta fara dannewa daga kusa da haɗin zuwa waje don iska ta fita, sannan ta bi da cokali mai yatsu. Idan maiƙon haɗi ya taɓa bakin, a goge, don kwaɓi ba ya mannewa a kan mai.

Guntayen da suka rage kada ki cuɗa su. Ki jera su kan juna, ki danne, ki bar su su ɗan huta, sannan ki sake murzawa. Na zagaye na uku yakan yi tauri, gara ki yanka shi ƙanana ki soya wa yara.

Ku jera a tire mai shafin bota, da tazara tsakani. A huda saman kowanne sau biyu don tururi ya sami mafita, a kaɗa ƙwai na ƙarshe da madara cokali 1 a shafa da burushi ko 'yar auduga mai tsabta. Idan da hali, tiren ya sha sanyi minti 10 kafin ya shiga wuta.

Gashi, a oben ko a tukunya

Oben ya riga ya yi zafi kafin mitfai ya shiga, digiri 190, a jeren tsakiya, minti 25 zuwa 30. Oben mai sanyi yana narkar da bota ta tsiyaye kafin ɓawo ya kama. Yawancin oben na gas sun fi zafi ta ƙasa da ta baya, don haka a juya tiren bayan minti 15, kuma idan ƙasa tana saurin ƙonewa a sa wani tiren wofi a ƙarƙashi. Kada launin sama ya ruɗe ki, ƙwai ne yake saurin ja. Ki ɗaga guda ɗaya ki duba ƙasansa: ya bushe, ya yi ruwan zuma, ya ɗagu ba tare da lanƙwasa ba.

Wadda ba ta da oben ta sami babbar tukunya mai kauri da murfi mai kamawa. A zuba busasshen yashi mai tsabta ko gishiri, kaurin yatsu biyu, a ɗora ƙarfen ɗora tukunya ko gwangwanaye uku marasa fenti, a rufe a bar ta kan matsakaiciyar wuta minti 15. Don gwada zafi, a barbaɗa fulawa a faranti a sa a ciki. Idan ta yi ja-ja cikin minti 5, zafin ya yi daidai. Idan ta yi baƙi, a rage wuta a buɗe murfi kaɗan. Farantin gashi kada ya taɓa yashin ko jikin tukunyar.

Matsalar tukunya ita ce zafinta daga ƙasa yake, saman yakan fito fari. Maganinsa garwashi a kan murfi a minti 10 na ƙarshe. Idan a kurfoti kuke, ku kwashe yawancin garwashin daga ƙasa ku mayar sama. Aikin gawayi a tsakar gida ake yinsa, ko inda iska take ratsawa, ban da rufaffen ɗaki. Gashin tukunya yakan kai minti 35 zuwa 40, kuma tun da ba ta ɗaukar da yawa, sauran mitfai su jira a wuri mai sanyi, ba a gefen murhu ba. Mai wuta ta kula da garwashi, mai kwaɓi ta riƙe agogo, a kuma daure a daina yawan buɗe murfi, kowace buɗewa zafi ne yake gudu.

Bayan an sauke

Ku kwashe mitfai daga tire ku jera a kan raga ko faifai, inda iska za ta shiga ta ƙasa. Tat kuma a bar shi minti 10 a gwangwani kafin a zaro shi da bakin wuƙa, da zafinsa karyewa yake. Kada ku zuba ko ɗaya a leda ko kula da sauran ɗumi, gumin zai sa ɓawon ya yi laushi, naman kuma ya yi saurin lalacewa.

Mitfai da tat na kastad kada su wuce awa biyu a waje, a tsananin bazara ma awa ɗaya. A firij mitfai yana kwana uku, a ɗumama shi a oben ko a busasshen kasko mai murfi kan wuta kaɗan. Idan kuna da firiza da tsayayyiyar wuta, ku naɗe wasu ku daskarar da su ɗanye ba tare da shafin ƙwai ba, ranar bukata a shafa a gasa kai tsaye, a ƙara minti 5 zuwa 10. Inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, ku yi daidai abin da za a cinye. Na dabino ya fi sauran jurewa, yana kai gobe a kwano mai murfi a wuri mai sanyi.

Wadda za ta koma gida da rabonta ta shimfiɗa takarda a kwano mai faɗi, ta jera mitfai, ta sake shimfiɗa takarda kafin jere na biyu. Tat a kwano dabam, jere ɗaya kawai, kuma na kastad a ci shi a ranar.